Kaset na Bakwai

Ranar Talata bayan la'asar, Dakta Balarabe yana zaune a falonsa a unguwar Aziziyya ta Madina yana kurɓar shayi kafin ya koma saidaliyya, wato shagon maganin da yake aiki, sai matarsa Mero ta kawo masa labari tana fara'a, irin ta wanda ya yi aikin lada yana jiran a ce masa sannu. Wai ta je gaida Hajiya Iyatu, ta tarar tsohuwar tana ƙorafin cewa duk wa'azin da ake yi a talabijin da Larabci ne, ita kuwa ko da yake a Madina aka haife ta, da Hausa magana take shiga zuciyarta. Shi ne Mero ta dawo gida, ta zari kaset ɗin bidiyo uku na tafsiri daga kabad, ta kai mata.

Balarabe ya ajiye kofin a hankali, ya tambaya wanne da wanne. Ta ce ita ba ta duba lamba ba, waɗanda hannunta ya faɗa a kai ta ɗauka. Ya tashi ya buɗe kabad, ya bi jeren da yatsa. Babu na uku, babu na biyar, babu na bakwai.

Na uku da na biyar tafsiri ne na gaske, daga bisimilla har fatiha. Na bakwai kuwa sai an ɗan koma baya.

Balarabe mutumin Funtuwa ne, a Budapest ya karanta haɗa magunguna, zamanin da gwamnati ke tura ɗalibai gabashin Turai. A can wata tsohuwa da ya yi haya a gidanta ta ja shi gidan opera, wato wasan kwaikwayon nan da ba a magana a cikinsa, gaisuwa da waƙa, faɗa da waƙa, mutum ko mutuwa zai yi sai ya rera ta tukuna. Kara ce ta kai shi, ya zauna yana hamma yana duba agogo. Kafin a tashi ya ji hawaye na bin kumatunsa, alhali ko kalma ɗaya bai gane ba. Tun daga ranar ciwon ya kama shi, kuma duk magungunan da ya karanta babu na wannan.

Da ya zo aiki Madina sai ya ƙirƙiro dabara, kuma yana ji da ita ƙwarai, don Balarabe irin mutanen nan ne masu tsoro da wayo, waɗanda wayon ke ƙara musu abin tsoro. Yana da aboki a Yanbu, Abdou, injiniya a matatar mai, wanda ake yawan turawa kwas Turai. Balarabe zai sayi sabon kaset, ya naɗi minti goma na wani malamin Kano yana tafsiri a farkonsa, ya liƙa takarda ya rubuta "Tafsiri" da lamba. Abdou ya tafi da shi, a can ya cika sauran da opera. Duk wanda ya saka don dubawa, malami zai gani da rawani yana jan aya. Da haka ya tara guda tara, ya gauraya su da na tafsirin gaske a kabad. Akwai na La Scala ta Milano, inda aka hau dandali da dawakai masu rai, akwai na Landan, akwai biyu na Faris. Yakan kalle su ranar Alhamis da hantsi, idan Mero ta kwashi yara sun tafi kasuwa, ya rage murya ƙasa-ƙasa, ya matso da kujera har gwiwarsa na taɓa talabijin. Mero ta san yana da abin da take kira matan nan masu ihu, amma ta ɗauka a kulle suke a wani wuri. Bai taɓa gaya mata cewa su ne a tsakiyar falo sanye da rigar malamai ba.

Na bakwai daga birnin Biyana ya zo, kuma shi ya fi so. Labarin wata mata ce da mijinta ya tafi yaƙi aka dawo mata da rigarsa kaɗai. An yi wasan da ruwan sama na gaske yana zuba a kan dandali, da mutum kusan ɗari cikin baƙaƙen kaya suna saukowa daga wani dogon matakala. Amma kafin a kai nan akwai daren biki, mata da kafaɗu a waje suna rawa, ana ɗaga kofunan giya, ango ya rungumi amarya a gaban kowa. Wannan shi ne abin da aka kai wa mai takaba.

Don Hajiya Iyatu takaba take yi. Mijinta, Alhaji Usmanu, shi ne mai saidaliyyar, ɗan ƙasa ne wanda kakansa ya zo hajji a ƙafa daga Haɗeja bai koma ba. Shi ya ɗauko Balarabe shekara shida da suka wuce, ya riƙe shi riƙon ɗa. Yau kwana hamsin da rasuwarsa, kuma shago da kafalar ma'aikata, wato tsaya musu a wajen hukuma, duk sun koma hannun babban ɗansa, Walid. Walid ba mugu ba ne, amma mutum ne da ba ya lanƙwasuwa. Makon da ya karɓi shago ya fitar da rediyo, ya bi kwalayen sabulun gashi da baƙin alƙalami yana shafe fuskokin mata. Watan jiya wani ma'aikaci ɗan Sudan ya yi masa ƙarya a kan inda ya je ranar aiki, kafin mako ya zagayo an buga masa fita ta ƙarshe, ya kwashi iyalinsa ya tafi. Gani ga wane, in ji Hausawa, ya ishi wane tsoron Allah. Iƙamar Balarabe, wato izinin zamansa a ƙasar, saura kwana goma sha tara ta ƙare, fasfonsa na durowar Walid, takardar sabuntawa na kan teburin Walid ba a sa mata hannu ba.

Da shi kaɗai ne da sauƙi. Amma akwai Ummu Salma, 'yarsa mai shekara tara, mai ciwon sikila. A nan idan ciwon ya tashi, minti goma ya kai ta asibiti, akwai jini, akwai allurar da ke kwantar da zafin. A gida kuwa, shi mai sayar da magani ne, ya san abin da zai tarar da abin da ba zai tarar ba. Ya binne ƙanwarsa da wannan ciwon tana shekara goma sha ɗaya.

Da ya warware wa Mero zancen, ta daɗe tana salati. Ta ce wallahi sai da ta saka kowanne ta ga malam kafin ta ɗauka. Ya ce ta koma yanzu-yanzu ta karɓo. Ta dube shi kamar ya ce ta je ta tono kabari. Ashe ba aro ta ba da su ba. A gaban mata ta miƙa su, ta ce sadaka ce daga gidan Dakta, Allah ya kai ladan kabarin Alhaji, duk ɗakin aka shafa. Wa ya taɓa komawa gidan mutuwa ya ce a ba shi sadakarsa?

Duk da haka washegari ta dama kunun gyaɗa ta ɗauka a matsayin dalili, ta tafi Ranuna, inda gidan marigayin yake kusa da masallacin Kuba. Ta dawo jiki a sanyaye. Ɗakin cike yake da masu zuwa taya zama, Hanan matar Walid kuma tana bakin ƙofa, ko allura ba za ta fita ba ta gani ba. Mero ta ga na uku da na biyar a kan talabijin. Na bakwai ba ta gan shi ba, kuma ƙaramar fitilar injin bidiyo a kunne take. Hajiya ta daɗe tana kallonta, sannan ta tambaye ta jikin Ummu Salma.

Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Ranar Laraba da yamma Walid ya shigo shago ya yi sallama bai ɗaga kai ba, Balarabe ya ce a ransa shi ke nan, ya sani. Ya fita ya dawo ya yi masa murmushi, Balarabe ya ce wannan murmushin sallama ne. Wayar shago ta yi ƙara, sai da ya dafa tebur. Wani dattijo Baturke mai ziyara ya zo neman maganin ɗiga wa ido, Balarabe ya ba shi na kunne, sai da mutumin ya kai bakin titi ya farga, ya bi shi a guje da farar rigarsa yana kiran ya hajji, ya hajji. Shekara ashirin yana sana'ar magani bai taɓa yin irin wannan ba.

Ranar Alhamis da hantsi, lokacin da ya saba zama gaban talabijin, ya kulle ƙofa ya fito da sauran takwas. Ya ɓalle murafensu, ya zaro zaren ciki, ya bi shi da almakashi. Milano ta tafi, Landan ta tafi, Faris ta bi su. Ya cusa tarkacen a baƙar leda, ya tuƙa mota har wata unguwa da ba a san shi ba ya jefa a kwandon shara. Daga nan ya wuce Harami ya yi azahar, ya ɗaga hannu ya daɗe. A faɗi gaskiya, ba gafara yake roƙo ba. Roƙonsa shi ne Allah ya sa injin Hajiya ya tauna kaset ɗin kafin malam ya gama minti gomansa. Ya yi tunanin ya je ya sami Walid ya faɗi komai da bakinsa, har ya shirya kalmomin da Larabci mai kyau. Da ya hango motar Walid a ƙofar shago, kalmomin suka watse.

Ranar Juma'a ana idar da salla, yana neman takalmansa a ƙofar masallaci, ya ji an kama hannunsa. Walid ne. Ya ce yau Duktur, kamar yadda yake kiran Balarabe, a gidansu zai ci abincin rana. Bai saki hannun ba sai da suka kai wajen motoci.

Majalisin gidan, wato falon baƙi, dogo ne, da kilishi ja da matasai jere a jikin bango. A ƙarshensa akwai ƙofa mai labule da ke shiga cikin gida. Balarabe ya sha zama a nan zamanin Alhaji, ana hira ana dariya har a kira la'asar. Yau ba kowa sai su biyu. A tsakiyar kilishin, kusa da butar gahawa da farantin dabino, ga kaset na bakwai a ajiye.

Walid ya zuba masa gahawa. Yana jin Hausa sarai, amma da Larabci yake mayarwa, kuma da Larabcin ya ba da labari, muryarsa a kwance. Jiya bayan masu taya zama sun watse, Hanan ta shiga ɗakin Hajiya da maƙwabta biyu da suka zo yi mata karatu. Suka tarar da ita gaban talabijin, wata Baturiya tana waƙa da iya ƙarfinta, tsohuwa kuma fuskarta sharkaf da hawaye. Ɗaya daga cikin matan ta mayar da kaset ɗin baya don ta ga ko mene ne, ta faɗa kan rawar bikin. Kafin magariba zancen ya zagaye Ranuna. Yau a masallaci mutum biyu sun yi wa Walid jaje, irin jajen da ya fi zagi ciwo: matar Usmanu, kabarinsa bai bushe ba, tana kallon rawa.

Balarabe ya buɗe baki bai san abin da zai fito ba, sai aka yi gyaran murya a bayan labule.

"Walid," in ji Hajiya Iyatu da Hausa, a hankali kamar yadda mai takaba ke magana, "na faɗa maka tun jiya. Mero biyu ta kawo mini. Wannan nawa ne, ya daɗe a akwatina. Ka bar baƙo ya ci abinci."

Walid bai juya ba. Ya tura kaset ɗin da yatsa har ya taɓa gwiwar Balarabe.

"Ummi ta ce biyu. Hanan ta ce uku ta gani a hannun matarka. Ni ban taɓa ƙaryata uwata ba, ya Duktur, kuma ba yau zan fara ba. Kai nake tambaya. Kaset nawa ne suka fita daga gidanka?"

Babu wanda ake yaudara a ɗakin nan. Takardar da ke jikin kaset ɗin da boko aka rubuta ta, Hajiya kuwa ko harafi ɗaya na boko ba ta sani ba, kuma Walid ya san haka. Tsohuwar ta san wanda za a kora idan gaskiya ta fito, ta san yarinyar da za a kora tare da shi, shi ya sa ta ɗora abin a kanta. Walid ba zai iya sauke mata shi ba sai idan mai kayan ya miƙo hannu ya ce nawa ne. Abin da yake jira ke nan, kuma Balarabe ya ga alamar har roƙonsa yake yi da ido.

Saura kaɗan ya faɗi gaskiya. Matar nan ita ce ta aiko wa Mero da ruwan zafi da yaji duk haihuwar da ta yi a garin nan, mijinta ya tarbe shi a filin jirgi da kansa. Shekararta saba'in ba a taɓa jin kanta da kowa ba. Kalma ɗaya za ta wanke ta. Sai ya tuna idanun Ummu Salma idan sun yi rawaya, da yadda take cije matashi don kada ƙannenta su ji. Na'urar sanyaya ɗaki tana ta gurnani, shi kuwa ji yake kamar an rufe shi a tanda.

"Biyu," ya ce.

Walid ya dube shi. Ba fushi Balarabe ya gani a fuskar ba, da fushi ne da ya fi sauƙi.

"Tayyib, shi ke nan," in ji Walid.

Sannan ya juya wajen labule, ya yi magana da Hausarsa mai karyayyen harshe, wadda Balarabe bai taɓa ji daga bakinsa ba sai ranar. Ya ce yau za a fitar da talabijin da injin daga ɗakinta. Ya ce mutane kuma dole a ba su amsa, don sunan Baba ba zai zauna a bakinsu haka ba. Zai ce musu rashin Baba ya taɓa mata hankali, tsufa ya zo, ba ta san abin da take yi ba. Daga yau Hanan za ta riƙa zama da ita duk wanda ya shigo.

Balarabe ya san abin da wannan ke nufi. Matar da ake zuwa wajenta neman shawarar aure da sulhu tun daga Kuba har Aziziyya, daga yau idan ta yi magana za a gyaɗa kai a kalli juna.

"Faɗi abin da ka ga ya fi maka," ta ce.

Walid ya ciro takardar sabunta iƙamar daga aljihun rigarsa. Ashe tun safe tana jikinsa. Ya ɗora ta a gwiwa ya sa hannu, ya miƙa wa Balarabe ba tare da ya dube shi ba. Aka kawo shinkafar buhari da kaza, tana tururi, aka shimfiɗa leda. Walid ya ce bisimilla. Balarabe ya ci, don ƙin ci ma magana ce. Kowace loma sai ya kora ta da ruwa.

Da aka gama, Walid ya yi gaba don ya buɗe ƙofar waje. Hanyar fita ta gefen labulen take. Balarabe ya zo wucewa yana sanɗa, sai ya ji an kira sunansa, can ƙasa.

"Balarabe, ɗana."

Ya tsaya.

"Tun da Alhaji ya rasu idona ya ƙafe," ta ce. "Ana ta yaba mini haƙuri, ni kuwa abin yana nan a ƙirjina kamar dutse. Sai da aka kawo wa matar nan rigar mijinta ta buɗe baki, sannan hawaye suka zo mini. Kullum nan nake tsayawa in mayar baya, ban taɓa kai ƙarshe ba. Kai da ka zauna a ƙasarsu, irin wannan wasan nasu, yaya yake ƙarewa? Ita ma binsa take yi?"

Ko a nan sai da ta kare shi. Ba ta ce kaset ɗinka ba, ba ta ce ka gani ba. Tambaya ce da duk wanda ya taɓa zama a Turai zai iya amsawa, ba abin da zai same shi. Kuma ya san amsar, ya kalle ta ya fi sau talatin. Cikin dukkan matan da ke kaset ɗinsa, wannan kaɗai ce ba ta mutu ba. Ruwan yakan ɗauke, ta naɗe rigar ta ajiye, ta hau matakalar nan ita kaɗai tana waƙa a hankali har ta kai sama, ta buɗe taga. Ta rayu, Hajiya. Abin da ake nema a wajensa ke nan, kalma uku.

Walid yana tsaye a ƙofar waje, taku goma tsakaninsu, ya juya baya. Ƙila yana ji, ƙila ba ya ji. Takardar tana aljihun Balarabe, tawadar ko gama bushewa ba ta yi ba.

"Wallahi ban sani ba, Hajiya," ya ce, da ƙarfi yadda za a ji har ƙofa. "Ni magani na karanta a can."

Labulen ya ɗan motsa.

"To," ta ce. "Ka gaida mini Ummu Salma."

Ya ji takunta yana komawa ciki, tana jan ƙafa. A bakin ƙofa Walid ya matsa ya ba shi hanya, bai miƙo hannu ba. Balarabe ya shiga motarsa da rana ta gasa, ya ajiye takardar a kujerar gefe. Yana nan zaune bai tayar ba, Walid ya sake fitowa rungume da talabijin ɗin uwarsa, wayar tana ja a ƙasa, ya ajiye shi a jikin bango ya koma ya rufe ƙofa.